Yadda Ake Haɗa Amfilifaya da Ripita Ba Tare da Ta Kurumce Ba

Duk wanda ya zo mini da maganar ƙara wa ripita ƙarfi, wato tashar da ke karɓar maganar masu rediyo ta sake watsa ta nesa, abin da nake fara tambayarsa shi ne: su wa ne ba sa ji, su wa ne kuma ba a jin su? Ciwo biyu ne daban-daban. Akwai mutumin da ke kan hanyar Dass, muryarsa na shiga ripita tsaf, duk wanda ke cikin garin Bauchi yana jin sa, amma shi abin da ke dawo masa shuuu ne kawai. Shi wannan, amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin watsawa, za ta yi masa magani. Akwai kuma wanda yake jin ripita raɗau a wajen Alkaleri, amma in ya danna 'yar oba-obarsa mai wat 5 ba ta iya buɗe ta. Shi wannan ko wat 500 ka ɗora ba abin da zai ƙaru da shi, in ma ba a yi sa'a ba ka ƙara nesanta shi. Mafi yawan koken da ke zuwa mini iri na biyu ne, maganinsa kuwa yana wajen eriya da kebur da tsayin ƙarfen da aka ɗora eriyar.

Ka yi lissafi kafin ka taɓa aljihu. Daga wat 25 zuwa wat 100 ninki huɗu ne, wato desibel 6 a ma'aunin ƙaruwa ko raguwar siginal. Wanda ke can bakin iyakar da siginal ke kaiwa zai ji bambanci sosai, ƙarar shuuu ta ragu, magana ta fito. Amma nisa ba zai ninku huɗu ba, ko kusa. A zangon mita 2 siginal kusan inda ido ke iya hangowa yake tsayawa. Eriyar da ke sama da ƙasa da mita 30 tana hango wajen kilomita 22 a fili, mai mita 100 kuwa kilomita 41. Mu kuma ƙasarmu ba fili ba ce. Wanda Dutsen Zaranda ko duwatsun Dass suka tare, tsayin eriya ne zai cece shi. In ka duba duk wannan ka ga dai bakin ripitar ne ya gaza kunnenta, to bismillah, mu shiga aiki.

Ka ɗauko lasisinka ka karanta iyakar ƙarfin da aka yarje maka tukuna. Mu masu alamar kira 5N muna yanki na ɗaya ne a rabon hukumar sadarwa ta duniya, zangonmu na mita 2 daga megahaz 144 zuwa 146 yake, kuma al'adar ripita a wannan zangon ita ce tazarar kilohaz 600 tsakanin inda take saurare da inda take watsawa. Misali ta saurara a 145.100, ta watsa a 145.700. Ka riƙe wannan 600 ɗin a ranka, domin duk wahalar da za mu sha a ƙasa daga ƙanƙantarsa ta taso.

Wurin zaman amfilifaya guda ɗaya ne tak: tsakanin mafitar tiransimita da bakin dufleksa mai rubutun TX. Dufleksa, na'urar da ke barin tiransimita mai watsawa da risiba mai saurare su yi aiki da eriya ɗaya, baki uku gare ta, ɗaya na tiransimita, ɗaya na risiba, ɗaya na eriya. Kebur zai fito daga tiransimita ya shiga amfilifaya, wani ya fito daga amfilifaya ya shiga dufleksa, ɓangaren risiba kuwa ba ruwanka da shi. Kada ka kuskura ka sa ta tsakanin dufleksa da eriya yadda ake yi wa rediyon mota. Rediyon mota in yana magana ba ya saurare, shi ya sa amfilifayarsa take da rile mai juya hanya. Ripita kuwa magana da saurare lokaci guda take yi a kan kebur ɗin eriya guda. Da zarar amfilifayar da ke kan wannan hanyar ta tashi, ta toshe hanyar dawowa ke nan, ripita ta daina jin wanda ya buɗe ta, ta sauka, ta sake jin sa, ta sake tashi, haka za ta yi ta shaƙuwa har ka kashe ta.

In ripitarka irin mai dufleksa a cikin akwati ce, mai baki ɗaya a baya, sai ka buɗe ta ka fito da hanyar tiransimita da ta risiba waje kowacce daban. Kuma kusan tabbas wannan 'yar dufleksar ta ciki ta gama aikinta. Irin waɗannan ƙanana masu faɗi yawanci wat 50 ne iyakarsu, kuma an ƙera su ne don tazara mai faɗi ta megahaz da yawa. Tazarar kilohaz 600 sai dufleksa mai manyan gwangwanaye, huɗu ko shida, kowanne ya kusa kai maka ƙugu in ka tsayar da shi.

A nan nake so ka zauna ka fahimce ni, ɗan'uwa, don nan ne gizo ke saƙar. Wat 100 a ma'aunin masu aikin rediyo 50 dBm ne. Risiba mai kyau kuwa tana jin siginal na 0.2 maikurobolt, wato wajen 121 dBm ƙasa da sifiri. Tsakaninsu desibel 170 da ɗoriya, ga su kuma a kan eriya ɗaya, kilohaz 600 kacal ya raba su. Tamkar mai shela ne a tsakiyar kasuwar Wunti, lasifika a bakinsa, kana so kuma a daidai wannan lokacin ya ji raɗar da wani ke yi masa daga bakin titi. Dufleksa ce ke sa hakan ya yiwu, kuma aiki biyu take yi. Gwangwanayen ɓangaren risiba suna tare ainihin siginal ɗin tiransimita kada ya danne risiba. Na ɓangaren tiransimita kuma suna tare wata ƙara da kowace tiransimita ke fesawa a gefe da gefen siginal ɗinta, wadda wani sashe nata ke faɗawa daidai inda risiba ke saurare. Ita wannan ƙarar ba wata matata a jikin risiba da za ta iya cire ta, tunda a kan layinta take. Amfilifaya kuma ba ta zaɓe. Desibel 6 ɗin da ta ƙara wa muryarka, shi ta ƙara wa wannan ƙarar, har ta ɗora tata a kai. Saboda haka dufleksar da ta ishe ka a wat 25 ba lallai ta ishe ka a wat 100 ba. Ni a zangon mita 2, in raba hanyar da dufleksa ke yi bai kai desibel 85 zuwa 90 ba, ba na ɗora mata wat 100.

Ka duba iyakar wat da aka rubuta a jikinta, sannan ka san ita ma tana cin nata rabon. Asarar desibel 1.5 abu ne da aka saba gani, ma'ana in wat 100 ya shiga, wajen 71 ne zai fita, sauran 29 ya zama zafi a cikin gwangwanayen. Ƙarfe in ya yi zafi yana miƙewa, saiti ya ɗan goce. Shi ya sa za ka ga ripita lafiya lau da safe, ana daɗewa ana hira sai ta fara kurumcewa. Keburan da suka haɗa gwangwani da gwangwani kuma an yanka su ne a kan awo, kada ka canza ko ɗaya da wanda ka ga dama. Kuma ba a juya sandar saiti alhali ƙarfi na bi ta ciki, tartsatsi zai cinye 'yan yatsun azurfar da ke riƙe da sandar, daga nan dufleksa ta dinga ƙara har abada. Da na'urar awo ake saita ta, da ɗan siginal kaɗan. NanoVNA da yawancinmu ke da ita tana kai ka kusa, sai dai ƙananan samfurinta ba sa iya hango ƙasan rami mai zurfin desibel 90, don haka ƙarashen aikin yana son na'ura mafi ƙarfi.

Yanzu ita amfilifayar. Abin da za ka nema a takardarta shi ne ko an yi ta don aiki ba tsayawa. 'Yan ƙananan nan na mota an yi su ne da tunanin za ka yi magana minti ɗaya ka saurara minti huɗu. Ripita ba ta da wannan hutun, domin kowa ya yi magana ita ce ke watsawa. In an zauna zagayen dare bayan sallar isha'i, tana iya yin awa guda ba ta sauka ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke taɓa digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano ya fi haka nesa. Abin da nake yi shi ne in nemi wadda ta fi buƙatata, mai wat 150 misali, in tafiyar da ita a 80 ko 100. In ta mota ce kawai hannunka ya kai gare ta, ka ba ta rabin abin da aka rubuta, ka sa mata fanka, ka kashe 'yar amfilifayar saurare da ke cikinta tunda ba siginal ɗin da zai dawo ta wannan hanyar, makunnin FM da SSB kuma ka bar shi a FM don kada rile ya dinga jinkirin saki. Abu ɗaya na lafiyarka: wasu tiransistocin ƙarfi na da, farin abin da ke jikinsu sinadarin beriliyam ne, ƙurarsa guba ce. Wanda ya ƙone a cire shi ɗungurungum, ba a fasawa, ba a gogewa da fayil.

Sai ƙarfin da za ka tura mata. Kowace amfilifaya akwai abin da take so a bakinta, wata wat 5, wata 10, wata 25 zuwa 30. In ka zarce, tiransista ya tafi, wani lokaci kafin ka ɗauke yatsa daga makunni. Don haka kafin ka haɗa komai, ka ɗaura mitar wat a mafitar tiransimita, a bayanta ka sa lodin gwaji mai om 50, wato abin da ke shanye ƙarfi a madadin eriya, ka auna da idonka. Kada ka yarda da abin da manhajar saiti ta rubuta. Ripitocin kamfani suna da sauƙi a nan, Yaesu DR-2X alal misali tana da matakin wat 50 da 20 da 5. Amma da yawa daga cikinmu da rediyon mota biyu muka haɗa tamu, irin Motorola GM300, kuma rediyon mota in ka danne ƙarfinsa ƙasa da inda aka ƙera shi ya yi aiki, yana iya rikicewa ya fara fesa siginal a wuraren da ba nasa ba. Amfilifaya kuma ta ɗauka ta ƙara musu ƙarfi. Ka tuna zangon jiragen sama, 118 zuwa 137, yana nan ƙasa da mu kaɗan, ga filin jirgi a Durum. Wannan ba abin wasa ba ne. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka bar rediyon a ƙarfin da yake zaune lafiya, ka sa na'urar rage ƙarfi tsakaninsa da amfilifaya. Mai desibel 3 tana raba shi biyu, mai desibel 6 tana raba shi huɗu. Ka tabbata dai za ta iya shanye wat ɗin da za ta riƙe, don ita ma zafi take mayar da shi.

Kebur ɗin da za ka yi waɗannan gajerun haɗe-haɗen da shi, a nan mutane ke tsumulmula, a nan kuma suke asara. Siririn RG-58 saƙarsa ɗaya ce, yana yoyo. Ka kashe kuɗi a kan dufleksa mai desibel 90, sai siginal ya tsallake ta ta jikin kebur ya faɗa wa risiba. Ka nemi mai saƙa biyu da aka shafe da azurfa, RG-214 ko RG-400, ko kuma mai bututun tagulla irin Heliax. LMR-400 kebur ne mai kyau a tashar gida, amma rigarsa takardar alminiyam ce da saƙar waya a kanta, ƙarfe biyu mabambanta suna gogar juna, kuma in ƙarfi na bi ta ciki ana saurare lokaci guda, bayan ɗan zamani yakan fara ƙaraf-ƙaraf a kunnen risiba. A ripita ba na sa shi. Kawunan kebur su zama nau'in N, a guji jera adafta a kan adafta. Keburan tiransimita su bi gefe guda na akwati, na risiba su bi ɗaya gefen, kada a ɗaure su wuri ɗaya don neman kyan gani. In dole su haɗu, su gitta juna kawai su wuce.

Akwai wata na'ura da nake so ka sa a bayan amfilifaya in da hali, aisoleta. Tana barin ƙarfi ya wuce gaba, duk abin da ya dawo daga eriya kuma ta karkatar da shi zuwa wani lodi da ke maƙale a gefenta. Ranar da iskar farkon damina ta karya eriya, ko ruwa ya shiga kebur, lodin ne zai yi zafi, amfilifaya ta tsira. In kuma kana maƙwabtaka da wasu masu watsawa a kan ƙarfe ɗaya, tana hana siginal ɗinsu shiga cikin amfilifayarka ya cakuɗe da naka ya haifi na uku. Sai dai ita kanta tana haifar da ɗan siginal a ninki biyu na naka, wajen megahaz 290, saboda haka a bayanta a sa matata mai tare na sama. Ninki uku na 145 kuwa 435 ne, tsakiyar zangonmu na santimita 70, ka ga matatar ta yi amfani biyu. Jerin ke nan: tiransimita, mai rage ƙarfi in ana buƙata, amfilifaya, aisoleta, matata, dufleksa.

Mu koma ga wuta. Amfilifayar FM wajen rabin abin da ta ci ko sama da haka kaɗan take fitarwa. Mai fitar da wat 100 a bolt 13.8 za ta ja tsakanin amfiya 15 zuwa 20. In na'urar ba da wuta za ka saya, ka duba adadin da take iya bayarwa ba tsayawa, ba babban adadin da aka buga a gaban kwali ba, kuma kada ya gaza amfiya 30. Ni na fi son amfilifaya ta samu wayarta ita kaɗai tun daga tushe, kada ta bi ta cikin akwatin ripita, don duk sanda ta ja wuta bolt ɗin risiba da na kwantirola, wato allon da ke sarrafa ripita, ba zai girgiza ba.

Kaurin waya lissafi ne mai sauƙi. Mita 2 tsakanin batir da amfilifaya, zuwa da dawowa mita 4 ke nan. Wayar tagulla mai kaurin 2.5 (milimita murabba'i) za ta zubar da fiye da rabin bolt a amfiya 20, mai 6 kuwa ƙasa da rubu'in bolt. Ka sa mai 6, in tazarar ta fi haka ka sa mai 10. Wannan lissafin fa na tagulla ne na gaskiya. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa fenti da tagulla. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa a gaban mai shago, in cikinsa fari ne ka ajiye masa kayarsa. Fis ya zauna a kan jar waya dab da batir, mai amfiya 25 ko 30, domin waya yake karewa kada ta kama wuta. Birekar wutar gida ba a yi ta don wutar batir ba. Kuma kafin ka soka, ka auna ja da baƙi da mita, juya su sau ɗaya ya isa ya kashe amfilifaya.

Tunda ba wanda zai jingina ripita ga wutar nefa kaɗai, yawancinmu sola da batir ne. Kada ka bi ta inbata ka dawo ta na'urar ba da wuta, asara biyu ce, ga ƙarar da inbata ke zubawa a kunnen risiba. Kai tsaye daga batir ya fi. Amma ka sake lissafin batir ɗin. Mai ruwa na amfiya-awa 200, rabinsa ne naka in kana so ya yi ƙarko, wato 100. Amfilifaya da ripita tare suna jan sama da amfiya 20, ka ga bai kai awa 5 na magana ba, ban da abin da risiba ke ci dare da rana. A watan Agusta da hadari ke rufe rana, ko lokacin da hazo ya lulluɓe faranti da ƙura, wannan lissafin ne zai nuna kansa. Ka duba kuma bolt mafi yawa da amfilifayar ke ɗauka, don kwantirolar sola tana kai batir 14.4, wasu ma sama da 15 in suna daidaita shi. In batir ɗin litiyam ne, ka tabbata allon kariyarsa yana barin wannan amfiyar ta wuce.

Batun tayar da amfilifaya ya danganta da irinta. Da yawa daga cikin na FM zalla ba sa buƙatar komai, in siginal ya shigo su yi aiki, in ya ɗauke su kwanta, kusan ba sa cin wuta. Wasu kuma suna da bakin PTT, wato layin da ke tayar da watsawa, da ake taɓawa da ƙasa. In irin wannan ce, kada ka liƙa wayarta a kan ta tiransimita kai tsaye. Ka auna bolt ɗin da ke bakin yana sake, sannan ka juya mita zuwa amfiya ka taɓa shi da ƙasa ka ga nawa yake ja. Ka gwada da abin da tiransistan kwantirolarka ke iya ɗauka. In ya yi daidai, ka raba layukan biyu da dayod, kowanne nasa, gefen zobensa na kallon kwantirola, don kada bolt 12 na wannan ya kwarara cikin bolt 5 na wancan. In ya fi ƙarfinsa, sa ɗan rile a tsakani, ka gitta dayod 1N4007 a kan naɗinsa, zoben na kallon jar waya. Ban da wannan dayod, duk sakin da rile zai yi sai ya harbi tiransistan kwantirola. Wayar PTT ta zama mai riga, ka zura ta cikin zoben ferayit a bakin amfilifaya, ka sa ɗan kafasita na nanofarad 1 zuwa ƙasa, don kusa da wat 100 kowace waya eriya ce. A cikin kwantirola kuma ka kunna agogon yanke doguwar magana, minti 3 shi ne abin da aka saba. Ranar da wani ya zauna a kan makunnin oba-obarsa a mota, wannan agogon ne zai ceci kayanka.

Zafin da amfilifayar ke fitarwa ya kai wat 80, dole a san inda zai tafi. Haƙoran ƙarfen sanyayawa su tsaya a tsaye, fanka ta hura ta tsakaninsu, akwatin kuma ya samu mashigar iska a ƙasa da mafita a sama. In makunnin zafi za ka sa wa fankar, kada ka sayi mai tashi a digiri 40, a bazararmu ba zai taɓa sauka ba. Mai digiri 50 ya fi dacewa, a ɗaure shi a jikin ƙarfen kusa da tiransista. Fankar da ke bin PTT kaɗai tana tsayawa a daidai lokacin da ƙarfen ya fi zafi, shi ya sa ban cika son ta ba. Mashigar iska a sa mata raga saboda ƙadangaru da zanzaro, da soso na tace ƙura da za a dinga wankewa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Jikin ripita da na amfilifaya da dufleksa da mai kare tsawa duk su haɗu a kan sandar tagulla guda, kowanne da gajeriyar waya mai kauri, daga sandar kuma waya ɗaya ta tafi ƙasa ta haɗu da ta ƙarfen eriya. A kan dutse rodi ba ya nitsewa, sai a shimfiɗa wayoyin tagulla tsirara ta ko'ina a binne su iya yadda ƙasa ta bari. Gawayi da gishirin da masu wayarin ke zubawa a rami suna taimakawa, amma gishiri na cin rodi, a dinga dubawa. Shi ma mai kare tsawar akwai iyakar wat a jikinsa.

Ranar kunnawa, eriya ita ce ta ƙarshe. Fara da amfilifaya zuwa mitar wat zuwa lodin gwaji mai ɗaukar ƙarfin. A mitocin wat, Bird 43 ce aka fi sani, ka dai tabbata ƙwayar da ke cikinta ta zangon ce kuma ta ƙarfin ce. Tura ƙaramin siginal, ka ɗaga a hankali, ido ɗaya a mitar wat ɗaya a amfiya. In ka iso inda ƙarin turawa ba ya ƙara fitarwa, ka wuce gona, koma baya. Ƙarfi ya dinga hawa sumul. In ka ga allura ta yi tsalle, ko tana motsi in ka taɓa kebur, amfilifayar na rikici, kada ka ci gaba. Ka auna bolt a bakin amfilifayar kanta tana cikin aiki. Sannan ka bar ta a danne kamar minti 15 kana taɓa ƙarfen da kawunan kebur. Kan da ya yi zafi ba a haɗa shi daidai ba.

Daga nan sai ka shigar da dufleksa, lodin gwaji ya koma bakin eriya. Auna kafin dufleksa da bayanta, ka rubuta. Auna abin da ke dawowa: SWR, ma'aunin ƙarfin da ke komowa baya, na 1.5 yana nufin kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, na 2 kuwa kashi 11. In ya haura 1.5 a bakin dufleksa, a nemi dalili.

Sai gwajin da shi ne alƙalin aikin gaba ɗaya. A shigar da siginal mai rauni a layin risiba, da janaretan siginal ta mahaɗin gefe in akwai, a rage shi har magana ta fara cakuɗa da shuuu a lasifikar ripita, tiransimita na kashe. Sai a tayar da tiransimita da amfilifaya. In ƙarar ba ta canza ba, alhamdu lillahi. In ta ƙaru, ripita ta kurumce, kuma yawan desibel ɗin da sai ka ƙara kafin ta dawo yadda take shi ne girman kurumtar. Ka yi wannan a kan lodi, ka sake yi a kan eriya, domin bambancin su biyun ne zai nuna maka inda ɓarawon yake. In tun a kan lodi akwai kurumta, laifin na cikin ɗaki ne: dufleksa, ko kebur, ko amfilifayar. In a kan lodi shiru ne sai an sa eriya, to ka fita waje: kan kebur da ruwa ya shiga, eriyar fayiba da haɗin cikinta ya saki, kusoshi masu tsatsa, wayar ɗaure ƙarfe da ke gogar wani ƙarfen, har da kwanon rufi mai tsatsa da ke kusa. Irin waɗannan a wat 25 shiru suke yi, wat 100 ne ke tashe su. Kuma kafin kowa ya hau ƙarfen, a cire fis ɗin amfilifaya da na ripita, wanda zai hau ya sa su a aljihunsa.

In ba janareta, abokin aiki ya isa. Ya ɗauki oba-oba ya kama hanyar Ningi ko ta Jos har muryarsa ta fara dusashewa, ya tsaya wuri ɗaya kada ya motsa, ya yi ta ƙirga. Kai kuma kana ɗakin ripita kana kunna tiransimita kana kashewa, kunnenka a lasifikar risiba. In muryarsa na nutsewa duk sanda ka kunna, rage ƙarfin amfilifaya kaɗan-kaɗan har nutsewar ta daina. In a wat 60 ta daina, to 60 ne ƙarfin ripitarka har ranar da ka gyara dufleksa ko eriya. Tsakanin 60 da 100 desibel 2 ne da 'yan kai, mai saurare da ƙyar zai lura, amma kurumtar desibel 6 tana yanke duk masu oba-oba da ke gefen gari.

Adadin da ka samu a ranar, wat kafin dufleksa da bayanta, abin da ke dawowa, amfiya, bolt, da wurin da abokinka ya tsaya, ka rubuta su a takarda ka manna a cikin ƙofar akwatin. Ka sake awon in zafin Afrilu ya kankama, ka kuma sakewa bayan ruwan farko ya jiƙa kebur da eriya.